Muryar Muktar a Cikin Kwamfutar Madam

Yaya Mansir, idan kwamfuta tana cikin karɓar sabon windo aka ɗauke mata wuta na ɗan lokaci kaɗan, mutuwa take yi ko suma ce kawai?

Yi haƙuri, ban ma yi sallama ba. Assalamu alaikum. Ni ne ƙanenka Nu'uman, daga shagon Madam Nkemdirim a Ɗan Iya. Ina gaishe ka, ina gaida Umma. Ya jikin Baba? Na kira wayarka har na gaji, sai Modibbo direba ya ce tun da iska ta ka da ƙarfen sabis ba a samun kowa a garinmu. Shi ya sa na rubuto ta hannunsa. Ka san rubutuna, ka karanta a hankali.

Babbar kwamfutar nan ta kan tebur ce, wadda kake juye tsofaffin kaset zuwa memori da ita kafin ka koma gida jinyar Baba ka turo ni in riƙe maka wurin. Ta daɗe tana nawa. Tobenna ɗan ƙanwar Madam, mai karatu a jami'a a Gubi, ya ce windonta, wato manhajar da take aiki da ita, ya tsufa, a ɗora mata sabo a kan na da, ba abin da zai ɓace. Ranar ba wuta, janareta ke aiki. Ya fara, wani zobe yana ta juyawa a gilashin, da rubutun Turanci a ƙasa. Ya ce mini ma'anarsa kar a kashe. Ya ce ko ƙuda ya sauka a kanta kar in kora, ya hau keke ya tafi lacca. Madam kuma tana kasuwa.

Wallahi Yaya ban taɓa ta ba. Ina zaune sai na ji yaran layi suna ihun an kawo wuta. Ka tuna abin da ka fara koya mini ranar da zan taho? Ka ce da an kawo wuta in ruga bayan ƙofa in ja hannun canja wuta, in kashe janareta, don Madam ba ta son a ƙona mai a banza. Ƙafata ce ta kai ni kafin kaina ya yi tunani. Na ja. Fanka ta tsaya ta ci gaba. Kwamfuta ta tsaya, ita ba ta ci gaba ba.

Yanzu idan an kunna ta sai ta nuna zoben, ta yi baƙi, ta sake tashi da kanta, ta sake nuna zoben. Haka take yini.

Da Madam ta dawo ta ji janareta a kashe har yaba mini ta yi, ta ce ƙanen Mansir ne da gaske. Da Tobenna ya zo ya ga kwamfutar, ya ce lallai janareta ne ya yi tari. Madam ta kira mai gyaran janareta a waya ta wanke shi tas, mutumin yana ta rantsuwa. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

Ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Akwai wata tsohuwa, Inna Maimuna, ta bayan masallacin layi. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, tana kwashe kaya ta tsinci wani kaset a ƙasan akwati. Ɗanta Muktar ne ya aiko mata da shi daga Makka tun da can, lokacin yana ɗinki a can, yana gaida gida da bakinsa tunda ita ba ta karatu. Bai dawo ba, can ya rasu. Ya bar 'ya, Juwairiyya, tana jaririya, yanzu ta girma har ta yi aure a Gwallameji, kuma ba ta taɓa jin muryar babanta ba. Inna Maimuna ta kawo kaset ɗin aka juye a kwamfuta. Ana gamawa rediyon ya tauna zaren, ya cukurkuɗe ya tsinke gutsi-gutsi don ya riga ya ruɓe. Tobenna ya ce ba komai tunda yana ciki, Madam ta zuba a shara. Memori kawai ake jira tsohuwar ta kawo a sa mata.

Yaya, mutumin nan yana cikin kwamfutar, babu shi a wani wuri kuma. Ka gaya mini abin da zan danna. Ka ba Modibbo amsa ranar kasuwa.

Ka gaida kowa. Ƙanenka, Nu'uman.

*

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, takardarka ta iso. Baba da sauƙi, ya fara zama da kansa, sai dai hannun dama har yanzu bai amsa ba. Umma tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci.

Amsar tambayarka: yawanci suma ce. Windon ne ya karye a tsakiya, na da bai gama fita ba, sabo bai gama shiga ba. Abin da aka ajiye a ciki yana nan, muddin ba a yi mata fomatin ba, wato a wanke ta tas a fara daga farko. Wannan kalmar ka riƙe ta. Duk wanda ya faɗe ta a shagon nan, ka ce Mansir ya ce a dakata.

Ga abin da za ka gwada. Ka zare duk wayoyin da ke jikinta, na firinta da na rediyon kaset, ka bar na wuta da na gilashi da allon rubutu da maus. Ka kunna. Da zoben ya fito ka danne maɓallin kashewa har ta mutu. Ka yi ta maimaitawa, za ta gaji ta buɗe maka shafi shuɗi mai zaɓi. Ka shiga mai hoton sukudireba da sifana. A ciki kar ka kusanci na farko, shi ne na wanka. Ka shiga na ƙasa, ka nemi wanda ke cewa a koma windon da.

Na san ba za ka iya karanta Turancin kai kaɗai ba. Madam za ta iya. Amma ba za ka zaunar da ita ta karanta maka ba alhali tana zagin mai gyaran janareta a kan abin da hannunka ya yi. Ka fara gaya mata. Shekarun da na yi a shagon nan ban taɓa ganin ta kori mai gaskiya ba, faɗa ne dai za ka sha, kuma ka cancanta. Na koya maka jan hannun canja wuta, gaskiya ne, amma ban ce ka bar kanka a gida ka tafi Bauchi da ƙafafu kawai ba.

Ka gaida Madam da Tobenna. Allah ya sa a dace.

Yayanka, Mansir.

*

Assalamu alaikum Yaya Mansir. Na ji daɗin jin Baba ya zauna. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wa Umma ina ci.

Na gaya wa Madam. Na shirya wa faɗa, ba ta yi ba. Kallona ta yi, ta ɗauki waya ta kira mai gyaran janareta a gabana ta ba shi haƙuri, har da ce masa oga. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Daga nan ta ja kujera ta sa tabarau ta ce in kunna.

Mun yi yadda ka ce. Shafin shuɗin ya fito, ga sukudireba da sifana kamar yadda ka faɗa, har na yi murmushi. Ita tana karantawa ni ina dannawa. Muka ce ta koma windon da. Ta yi ta tunani har aka kira la'asar, na je na dawo tana tunani, sannan ta rubuta cewa ba za ta iya ba. Muka sake, ta sake cewa haka.

Tobenna ya ce hanya biyu ce. Ko a yi fomatin yau aiki ya ci gaba, ko a jira wata Mary mai gyaran kwamfuta a kasuwa ta dawo daga Jos ta fara kwashe abin da ke ciki. Madam ta ce a jira. Amma Yaya kullum masu katin biki da masu buga takarda suna leƙowa suna wucewa shagon gaba, ita kuma tana zaune tana kallon titi.

Inna Maimuna ta kawo memori. A bakin zanenta ta ƙulle shi, ta daɗe tana kwancewa. Na ce mata aikin bai nuna ba tukuna. Ta ce ba komai, wanda ya jira shekaru ai ba zai ƙosa yanzu ba. Tun daga ranar kullum sai ta biyo da safe ta zauna a benci, ta kawo mini masa da miya a kwano. Jikana take ce mini. Ta ce ta riga ta gaya wa Juwairiyya, yarinyar har ta sayi ƙaramin rediyo mai cin memori tana jira. Ta tambaye ni ko muryar ta fita sosai, don ita kunnenta ya yi nauyi. Na ce ta fita.

To amma ga albishir, Allah ya ba ni dabara. Ka taɓa ce mini duk abin da ya ƙi aiki in bi wayarsa in ga inda ta shiga. Na ɗauki wayar rediyon kaset na bi ta zuwa bayan kwamfuta, na ga ramin da ake soka ta. Na ɗauko sukudirebarka na buɗe gefen akwatin. Ashe ramin a jikin wani ɗan faifai kore yake, mai ƙananan ƙusoshi kamar gari an kalle shi daga kan dutse. Na ce to ta nan muryar ta shiga, nan ne ɗakinta. Na kwance shi a hankali, ko ƙwarzane bai yi ba. Na naɗe shi a cikin hular Juma'ata na sa a ƙasan jaka.

Na ce wa Madam na cire muryar Muktar na ajiye, yanzu ko an wanke kwamfuta ba abin da zai same shi. Ta ce, "Mansir ne ya koya maka?" Na ce e, tunda ai kai ka koya mini bin waya. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce Allah ya yi maka albarka. Ta kira Tobenna ta ce an riga an kwashe na tsohuwa, in ya samu sarari ya zo ya yi fomatin ɗinsa.

Ka ga ƙanenka ya fara koyo. Ka gaida Baba da Umma.

Nu'uman.

*

Nu'uman,

Salam. Ka ajiye duk abin da ke hannunka ka kai wa Madam wannan takarda yanzu.

Abin da ka cire katin sauti ne. Ni na sa shi don rediyon kaset. Ƙofa ce kawai, murya ta wuce ta cikinsa, ba ta kwana a nan. Inda take kwana wani ƙarfe ne mai nauyi kamar sabulun wanki, yana can gaba cikin akwatin, ana ce masa had dis. Babu komai a cikin hularka.

Kar a yi fomatin. Idan Tobenna ya zo, ka zare wayar wuta ka zauna a kanta. Idan kuwa an riga an yi, a kashe kwamfutar nan take, kar a buga ko harafi ɗaya da ita, a kai wa Mary yadda take. Duk abin da aka ƙara zubawa a ciki, a kan muryar mutumin nan yake kwanciya.

Na roƙi Modibbo ya biyo ta shago kafin ya shiga tasha. Allah ya sa ya riga Tobenna.

Madam, ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Ni na turo shi.

Mansir.

*

Mansir yaro na,

Ina gaisuwa. Yaya Baba da jiki? Muna yi masa addu'a a coci.

Takarda naka ya zo a makare. Motan Modibbo ya lalace a hanya, ya kwana biyu wajen makaniki. Kafin ya zo Tobenna ya riga ya yi fomatin, ya sa sabon windo, ya sa firinta, mun buga katin biki da yawa. Kwamfuta yana gudu kamar sabo, sai dai ba ya magana. Tobenna yana neman dalili, sai ƙanenka ya kawo hula ya buɗe a kan tebur. Tobenna ya kalli abin, ya kalli ni, ya zauna a ƙasa. Lokacin ne Modibbo ya shigo.

Kar ka ba ni haƙuri. Ni ma ban ce ya nuna mini ba. Na ji abin da nake so in ji, na kira Tobenna. Shi ma bai tambaya ba.

Mary ya dawo daga Jos. Mun kai masa kwamfuta a keke, ƙanenka ya rungume shi a cinya har kasuwa, bai yarda a sa a baya ba. Mary ya ce zai nema, amma kar mu sa rai da yawa.

Abu ɗaya nake roƙo. Kar ka rubuta masa faɗa. Yaron yana share shago sau da yawa a rana, wurin da ba datti. Tsohuwa ya kawo masa abinci, yaron ya ba yaran layi. Na ce masa ba zan kore shi ba, bai ji ba. Kai ka faɗa masa, wataƙila zai ji naka.

Ka gaida Mama. Sai ka dawo.

Madam Nkemdirim.

*

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Baba da Umma. Modibbo ya faɗa mini saƙonka na baka, na gode, zan zauna a shagon, ba zan gudo gida ba.

Mary ta samo wani abu. Ta ce sabon windon da katunan bikin sun kwanta a kan rabin, abin da ba su taka ba shi ta ciro. Ta sa a memorin Inna Maimuna. Mun saurara a shago ni da Madam da Tobenna.

Muryarsa ta fita ras, Yaya. Siririya ce, yana ɗan jan magana, ana jin keken ɗinki can bayansa. Ya yi sallama ya gaida Inna, ya daɗe a kanta, ya tambayi ƙafarta. Sannan ya bi gida yadda ake yi, daga babba zuwa ƙarami. Kawunnansa, gwaggonninsa, liman, mai unguwa, maƙwabtan dama da na hagu, abokansa na shagon tela, har wani mai shayi ya ce a ce masa bai manta da shi ba. Bai tsallake kowa ba. Ya gaida matarsa. Sai ya gyara murya ya ce, "To, saura 'yar jaririyata. Inna, a kawo mini ita kusa da rediyon, ina da magana da ita. Juwairiyya."

Daga nan sai ƙara, shuuu, har ƙarshe.

Ranar da ake juye kaset ɗin ina cikin shagon, rediyon yana magana, ni ina goge gilashin ƙofa ina kallon masu keke. Na san ya daɗe yana magana bayan wurin nan. Na san ya yi dariya. Na matse kaina har ya yi ciwo, ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Tobenna ya ce zai iya yanke ƙarshen, a tsaya a gaisuwar matar, ya zama kamar nan kaset ɗin ya ƙare. Ya ce abin da yarinyar ba ta san an yi ba ba zai dame ta ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ja ne shi ma. Madam kuwa ni ta kalla. Na ce a bar shi yadda yake. Ya kira sunanta da bakinsa, ba zan ƙara cire mata wani abu ba.

Jiya na je gidan Inna Maimuna na gaya mata komai, daga jan hannun wuta har hula. Ban sani ba ko ta gane zancen windo. Ta tambaye ni ko ya kai ga sunan yarinyar. Na ce ya kai. Ta ce to gobe za su zo tare, in kunna musu da hannuna, kuma ni zan yi wa Juwairiyya bayani don ita ba za ta iya ba.

Madam ta ce in ina so ita za ta yi maganar. Na ce a'a.

Ga keke ya tsaya a ƙofar shago. Inna ce ke saukowa, wata mai shuɗin hijabi tana riƙe mata hannu, da ƙaramin rediyo a ɗaya hannun, ko ledarsa ba ta cire ba. Ka yi mini addu'a, Yaya. Dole in tafi yanzu.

Ƙanenka, Nu'uman.